Rangwamen sola a Legas: inda yake, da yadda za ka same shi

Kafin mutum ya tambaye ni kuɗin aiki, abin da yakan fara tambaya shi ne: "Injiniya, wai da gaske ne idan ka sa sola, Nepa na mayar maka da wani abu?" Amsar ita ce a'a. Ko Ikeja Electric ke ba ka wuta, kamar mu nan Agege da mutanen Mile 12, ko Eko ce, kamar 'yan Idi Araba da Obalende da Alaba Rago, babu wanda zai ƙirga kuɗi ya miƙo maka don ka ɗora faifan sola a rufinka. Sana'arsu sayar da wuta, kai kuma da solarka rage saye za ka yi.

Maganar tana da tushe, amma a wasu ƙasashe. A Amurka akwai kamfanonin wuta da ke biyan mai gida gwargwadon girman solar da ya sa, gwamnatin tarayyarsu ma ta yi shekaru tana cire wa mutum kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aikin daga harajinsa, kafin a rufe wannan ƙofar a ƙarshen 2025. Indiya ta fito da nata shirin a Fabrairun 2024, gida na samun tallafin da ya kai rupi 78,000. Afirka ta Kudu ta yi na shekara ɗaya, daga Maris 2023 zuwa Fabrairun 2024, kashi 25 na kuɗin faifai, iyakarsa rand 15,000. Labarin waɗannan ne ke yawo a wayoyi, mu kuma mu ɗauka har da mu.

Namu sauƙin yana nan, sai dai ba a hannu ake damƙa shi ba. Wani yana cikin mita, wani a ɓoye cikin farashin kaya, wani a banki, mafi tsokarsa kuma yana cikin kuɗin da za ka daina kashewa duk wata. Ni aikin wayarin na koya a Zariya, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, aikin sola ya cinye sauran ayyukana. Ga yadda nake bi da mutum idan ya kira ni.

Mita tukuna

Kafin ka nufi kasuwar kayan lantarki ta Alaba, dubi bangon gidanka. In babu mita mai kati, ka fara da ita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya yi wata guda cur bai taɓa wutar Nepa ba, takarda za ta zo, domin ba daga gidansa aka ɗauko lissafin ba, daga abin da layin unguwar ke sha ne. Sai ka ga mutum ya zuba miliyoyi a rufi, bil ɗinsa kuma bai motsa ba.

A nan ne ma kaɗai za ka ga abin da ya yi kama da mayar da kuɗi daga kamfanin wuta. A ƙa'idar hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta ƙasa, wanda ya sayi mita da kuɗinsa ta tsarin da ake kira MAP, ana mayar masa da kuɗin a hankali, ta hanyar ƙarin yunit idan ya sayi kati. Saboda haka ka biya ta hanyar da kamfanin ya shimfiɗa, a asusun da ya bayar, kada ka ba wani a hannu a bakin layi. Ka adana rasit. Idan ka sayi kati, ka riƙa karanta saƙon da ya zo, ka ga ko ƙarin yana shigowa. In ba ya shigowa, ka rubuta ƙorafi zuwa ofishin kula da masu hulɗa na kamfanin, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka. In shiru, akwai gaba: tun da Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta jiha a Disambar 2024, Legas na da hukumarta mai sa ido kan harkar wuta, LASERC. Akwai kuma mitocin da ake rabawa kyauta a shirin gwamnati, waɗanda aka fara da masu Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, don haka ka tambaya ko layinku na ciki kafin ka ciro kuɗi.

Masu zama gidan haya irin namu na Legas, ɗakuna na kallon juna, mita ɗaya mutum takwas, su ne abin ya fi yi wa wuya. Akwai wata Hajiya a bayan layin dogo, mai ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da ta kira ni ta sa wa firizarta sola. Gidan ana raba kuɗin wuta ne da yawan kayan kowa, ita kuma saboda firiza kaso uku ake rubuta mata. Na ce, "Hajiya, kafin in hau rufin nan, a tara mutanen gida a yi magana. In ba haka ba, firiza na shan rana, ke kina biyan kaso uku." Ta ce, "To ɗana, ya za a yi?" Abin da muka yi shi ne sa ƙaramar mitar gwaji a kan wayar da ta shiga ɗakinta. Ba ta da tsada, ba ta kamfani ba ce, aikinta kawai ta nuna wa mutanen gida abin da ɗakin ya sha. Ƙarshen wata a karanta lamba a gaban kowa, babu gardama.

San layinka, ka yi lissafi

Kowane layi yana da rukuninsa. Band A alƙawarin awa 20 ne a rana ko fiye, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukuninka na jikin rasit ɗin katinka ko bil ɗinka. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A daga naira sittin da wani abu zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke zuwa 206.80 a Mayu, aka mayar 209.50 a Yuli. Ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, yunit ɗaya ya koma wajen naira 225 ke nan. Sauran rukunan an bar su can ƙasa, ba su kai sulusin wannan ba.

Wannan bambancin shi ke nuna irin solar da ta dace da kai, kuma yawancin masu saye ba sa duba shi.

Mai Band A yana da wuta, tsadarta ce ke damunsa. Shi ba ya bukatar tulin batir. Ya sa faifai masu yawa da matsakaicin batir, ya mayar da aikinsa mai nauyi zuwa rana: jan ruwa, guga, injin wanki, daskarar da firiza, duk tsakanin hantsi da la'asar. Batir shi ne mafi tsada a cikin kayan, duk abin da ka rage a can riba ce.

Mai Band C ko D kuwa, abin da zai tsira da shi daga kuɗin Nepa ba shi da yawa. Janareta ne ke cinye shi. Mai kVA 2.5 yakan sha wajen lita ɗaya a awa. Awa huɗu kowane dare, lita 120 ke nan a wata. A ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, kai ka sa farashin yau: naira 120,000 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin makanike da faɗa da maƙwabta kan hayaƙi. Irin wannan gidan batir mai kyau yake bukata, kuma shi ne solarsa ke saurin biyan kanta. Ka raba kuɗin kayan da abin da za ka daina kashewa a wata, adadin da ya fito shi ne watannin da za ka yi kafin kuɗinka ya dawo. In mai sayarwa ya ƙi zama ya yi wannan lissafin da kai, nemi wani.

Tallafin da ke cikin farashi

Gwamnatin tarayya na da tallafin sola, amma kamfanoni ake ba, ba mai gida ba. Hukumar REA mai kai wuta karkara ce ke riƙe da shi. Ta fara da shirin NEP, da dala miliyan 350 daga Bankin Duniya da miliyan 200 daga Bankin Raya Afirka. An yi Solar Power Naija mai burin haɗa gidaje miliyan biyar, wanda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya ƙaddamar a Jangefe ta jihar Jigawa a 2021. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, mai burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Yadda abin ke tafiya, kamfani mai rajista ya sayar ko ya girka kayan, a tabbatar, sannan a biya shi wani kaso. Kai abin da za ka gani shi ne farashi mai sauƙi, ko biya kaɗan-kaɗan.

Gaskiyar magana, yawancin wannan na ƙananan kaya ne: akwati mai ƙwan fitila uku ko huɗu, cajin waya, fanka, wani har da talabijin. Kuma an fi nufin inda wuta ba ta kai ba ko ba ta isa. Ga mai shayi, mai gadi, mai ɗan kanti, ko wanda zai aika wa tsohuwa a ƙauye, abu ne mai kyau ƙwarai. Kamfanoni irin su Sun King da d.light na sayar da irin wannan a biya a hankali. Tambayoyi uku za ka yi wa wakilinsu: nawa ne in na biya lakadan, nawa ne jimlar abin da zan biya in na bi ta wata-wata, kuma me ke faruwa in na makara. Yawanci akwatin kulle kansa yake yi sai ka biya. Ga mai son ɗaukar firij da injin jan ruwa a Legas kuwa, kada ya zauna jiran wannan.

Abin da ya fi kusa da shi bashi ne. A 2024 aka kafa CREDICORP, hukumar bashin masu sayen kaya, kuma tana da asusun CALM na sola da mayar da mota mai amfani da gas. Ta hannun bankuna da masu ba da lamuni kuɗin ke bi, kuma biya za ka yi, ba kyauta ba ce. Da yawa daga mutanenmu da sun ji kuɗin ruwa sai su ja da baya, ni ma ba na tura kowa can. Akwai Jaiz da TAJ da Lotus, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Ka shiga ka tambaya ko za su yi maka murabaha a kan kayan sola: banki ya saya, ya sayar maka da ribar da aka yanka tun farko, ka biya a watanni. Ka tafi da takardar farashi daga shago mai rajista, domin ba za su karɓi lissafin da aka rubuta a bayan kwali ba. Adashi ma hanya ce. Na ga 'yan kasuwar da suka haɗa kai, duk wanda ya kwasa a yi masa nasa, kuma da yake dila ɗaya suke saye wurinsa, ya sassauta musu.

Sai haraji. A 2021 gwamnati ta sa kayan makamashi irin na sola cikin abin da aka yafe wa VAT. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kowane abu daban: faifai, inbata (na'urar da ke juya wutar faifai da batir ta zama irin ta gida), batir, waya, ƙarafa, kuɗin aiki. In ka ga an ɗora kashi 7.5 a kan jimla gaba ɗaya har da faifai, ka tambayi dalili.

Saƙon WhatsApp da ke cewa gwamnati na raba sola kyauta, ka cike fom, ka sa BVN, ka tura kuɗin rajista, ka goge shi kawai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Rage kaya kafin ka sayi faifai

Wannan shi ne rangwamen da kai za ka yi wa kanka, kuma ya fi duk na sama tabbas. Ɗauki biro. Kowane abu, ƙarfinsa na wat sau awannin da yake aiki. Misalin ɗaki biyu da falo: ƙwan fitila 8 masu wat 9, awa 6, ya ba da 432. Fanka 3 masu wat 70, awa 10, 2,100. Talabijin da dikoda wat 100, awa 5, 500. Firij wajen 1,200 a yini. Cajin wayoyi da kwamfuta 200. Jimla kusan 4,500, wato yunit huɗu da rabi a rana. A Band A wannan kuɗin wata ne na kusan naira 30,000.

Dubi inda nauyin yake. Fankoki sun kusa cinye rabi. Ka canza su da na zamani masu wat 30, 2,100 ya koma 900. Ka rage fiye da yunit ɗaya a rana, kuma da dare ne, daga batir, inda kowane yunit ya fi tsada. Kuɗin fanka uku bai kama ƙafar kuɗin ƙarin batir ba. Dutsen guga da hita da risho na lantarki, kowanne wat dubu ne ko fiye. A bar su a layin Nepa, ko a yi amfani da su da tsakar rana.

Ranar Legas ba ta Kano ba ce. A can arewa za ka ƙirga awa biyar da rabi zuwa shida na rana mai ƙarfi, a nan ni da awa huɗu nake lissafi, kuma daga Yuni zuwa Agusta hadari kan yi kwanaki bai ɗaga ba. Faifai mai wat 550, sau awa 4, ka cire kwata saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura yunit 1.6 da ɗoriya. Gidan misalinmu faifai uku za su riƙe shi da rani, amma huɗu nake sawa saboda damina. Duk wanda ya kawo maka lissafin da aka yi wa gidan ɗan'uwanka a Katsina, ka ce masa nan Ikko ce.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Mai ruwa, wanda muke kira tubula, mai volt 12 da lamba 220 a jiki, yana ɗaukar yunit 2.6, amma rabi kawai za ka riƙa sha in kana so ya yi shekara biyu zuwa huɗu, kuma yana son a riƙa ƙara masa ruwan batir. Na litiyam mai yunit 5 za ka sha huɗu ko fiye kullum, ya yi shekaru masu yawa. Ranar saye tubula ta fi araha. Zuwa lokacin da ka canza ta sau biyu, litiyam ya riga ya fi ta sauƙi. In aljihu bai kai ba, gara ƙaramin litiyam a kan kaya kaɗan, ka ƙara daga baya. Inbata da batir kuma su zo ɗaya, volt 24 da 24 ko 48 da 48. In akwai injin jan ruwa, ka faɗa tun farko, domin lokacin tashi yakan ja ninki uku na abin da aka rubuta a jikinsa.

A Alaba akwai na ƙwarai akwai na banza, wani lokaci a shago ɗaya. Takardar da ke manne a bayan faifai ba hujja ba ce, bugawa ake yi. Faifai mai wat 550 na gaske ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa ya kusa kilo 30, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa da daɗi. In an nuna maka wanda yaro zai saɓa a kafaɗa an ce 550 ne, ka wuce. Ka je da mai aikinka da na'urar awonsa, a fitar da faifan rana a gwada a gabanka. Batirin litiyam a kunna allonsa ka ga sau nawa aka taɓa caja shi. Garanti a rubuta shi a rasit, da lambar kowane kaya.

Ranar girkawa

In haya kake, ka karɓi izinin mai gida a rubuce, a sa a ciki cewa kayan naka ne kuma za ka kwashe in za ka tashi. Na ga inda aka yi rigima a kan wannan, mai gida ya ce duk abin da aka ɗaure a rufi ya zama na gida. Mai aikin da zai taɓa maka wayarin, ka tambaye shi shaidar hukumar NEMSA mai tantance masu aikin lantarki. Faifai su kalli kudu, a ɗan karkata su wajen digiri 10 don ruwan sama ya riƙa wanke su, a kauce wa inuwar tankin ruwa, domin inuwa a kan kusurwa ɗaya na iya rage ƙarfin jerin faifan duka. Ƙarafan ɗauri su zama alminiyam, musamman wajen Ajah da Obalende da Badagry inda iskar teku ke cin ƙarfe. Kada a yi rowar wayar ƙasa da na'urar kare tsawa da bireka tsakanin faifai da inbata. Tsawar Legas ta ƙona inbata da yawa.

Abu biyu kuma ka tsaya a kai da kanka, don a nan ake asarar duk ribar. Na farko, kada inbata ta tura wuta baya zuwa layin Nepa. Mitar kati ta gida ba ta biyan ka kuɗin abin da ka tura, wasu ma ƙirga shi suke yi kamar ka sha, su cinye maka yunit. Sayar wa kamfani wuta sai da yarjejeniya a rubuce da mita mai ƙirga shiga da fita. In ba ka da su, a kashe wannan saitin.

Na biyu, wa inbata za ta fara saurara. Da yawa daga shago suke zuwa a saite kan Nepa ce farko. Ma'ana in akwai wuta, gidan Nepa yake sha, batir ma da Nepa yake cika, faifai na can sama suna shan rana a banza. A Band A cajin batir kake saye naira 225 kowane yunit. Ka ce mai aiki ya nuna maka a allon cewa ya sa ta a SBU, wato sola farko, sai batir, Nepa ta ƙarshe, kuma cajin batir ya fara daga rana. Mai Band D da ke tsoron kwana cikin duhu a damina zai iya barin Nepa ta taimaka wa caji, tun da nasa yunit ɗin da sauƙi.

Ka rubuta kuɗin kati da na fetur na wata uku kafin a girka, ka rubuta na watan farko bayan an girka. In bambancin bai kusa abin da kuka lissafa ba, ka kira mai aikin ya dawo ya duba saiti da inuwa da kaurin waya. Shi ya sa nake gaya wa mutane su riƙe wani ɓangare na kuɗin aiki sai an yi wata guda, ko da ni ne na yi aikin.